Ƙunshin Kan Gada

Tana cikin gyara kafaɗar wani tsoho a jikin allon hoto wayarta ta sake yin kuka a aljihun farar rigarta, karo na uku. Ba ta ɗauka ba. Ta ce wa tsohon ya ja numfashi ya riƙe, ta koma bayan gilashi ta danna maɓalli, na'urar ta yi ƙararta ta yi shiru. Tsohon bai saki numfashin ba sai da ta ce ya saki. Yana mai da hannu cikin riga yana satar kallonta, can ya tambaya ko ita ce. Ta ce ita ce. Ya ce ai ya sani, ya gan ta a talabijin bara. Shi ma ta wannan gadar ya haye, kwana biyu kafin mahaifiyarta. A shekara ashirin da uku da ta yi a ɗakin hoton ƙashi, mutanen da suka gaya mata haka in aka tara su gadar ba za ta ɗauke su ba. Ta yi masa fatan sauƙi, ta miƙa masa takardarsa.

Sunanta na gaskiya yana nan a katin aiki, amma ko a jerin masu aikin mako 'Yar Gada ake rubutawa. Hoton kuwa babu wanda ya yi aji huɗu bai san shi ba: mace siririya, ba takalmi, a tsakiyar gada, hayaƙi a bayanta, ta ƙanƙame wani ƙunshin zane a ƙirji. A ƙasa an rubuta cewa uwa ce da jaririyarta, ranar da gari ya faɗi. Wani baƙon ɗan jarida ne ya ɗauke shi, shekara arba'in da takwas da suka wuce. Tun daga nan hoton ya hau kan sarki, ya hau bangon littattafai uku, ya hau bayan motocin haya, inda masu fenti kan ƙara wa matar hawaye. Matar ita ce Inna. Ƙunshin kuma ita ce, tana wata biyar.

Yanzu ana yin fim. Yau da ƙarfe huɗu za a zaunar da su biyun a gaban kyamara, domin a rufe fim ɗin da fuskokinsu na gaske. Abin da za ta faɗa bai wuce jimla ɗaya ba, kuma ta haddace ta tun tana 'yar shekara tara: ni ce wadda ke cikin zanen.

Auta ne ke kira, ƙaninta, mai gyaran wutar mota a ƙofar gidan Inna. Ya ce jarumar fim ɗin ta iso tun ƙarfe takwas da 'yar tsana a jaka, wai ta zo koyon tafiyar Inna. Zuwa yanzu an sa ta ratsa tsakar gida ya fi sau talatin, kuma an aiko an karɓe masa batirin motar mutane.

"Batir kuma? Na me?"

"Ki zo ki gani, Yaya. Tsohuwarki ta zama sajen soja." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Kuma tana wata magana da ban gane kanta ba. Gara ki ji da kunnenki."

Mutum goma sha ɗaya ne ke jira a kan benci, har da mai karaya a kan keken marasa lafiya. Ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata layin. Ita kuma ta ce ta je abinta, amma ranar nuna fim a ajiye mata kujerar gaba.

A bas ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Motar ta tsaya cak a mahaɗar kasuwa, daidai ƙarƙashin babban allon tallan fim ɗin: jarumar, da toka a kumatu da gira a gyare, tana rungume da zane. Gardama ta tashi a kujerar baya. Wani mai ɗauke da fanka a cinya ya ce shi ya daina kallon finafinan yaƙi, domin kullum abokan gaba ba su iya saiti ba, a harba harsashi dubu ko hular jarumi ba za ta faɗi ba. Wani malamin makaranta ya ce littafi biyu ya karanta a kan ranar gadar, ɗaya ya ce da safe ne, ɗaya ya ce da yamma, kuma duka marubutan sun rantse suna wurin. Wata dattijuwa da ke jikin taga ta ce ita abin da ta sani na yaƙi ƙishirwa ce da jira, kuma ba ta taɓa ganin fim ɗin da ya nuna mutum yana jira kwana huɗu ba. Kwandasta ya ce in aka yi irin wannan fim ɗin ita kaɗai za ta kalla, ita ma sai an ba ta matashi.

'Yar Gada ta duba agogo. Sha biyu saura kwata. Zaman ya gagare ta, ta sauka tun kafin tasharta ta ƙarasa da ƙafa.

Ta tarar da Inna a kan kujerar roba a inuwar bango, tabarau a karan hanci, tsinken tsintsiya a hannu tana nuni da shi. 'Yar tsanar tana yashe a kan tabarma, ido a buɗe. Jarumar, mace mai kamar shekara talatin, ta tuɓe takalmi, gumi ya jiƙa mata wuyan riga. Ta rusuna ta gaishe da 'Yar Gada tana haki. Ta ce tun safe Inna ke cewa tana tafiya kamar mai kai jariri rigakafi. An gwada saka bulo a cikin zanen, Inna ta ce bai kai ba. Shi ne aka aika wurin Auta.

"Sake," in ji Inna. "Daga bakin famfo."

Auta, yana jingine da ƙofar gida, ya ce don Allah kar a karkata shi, ruwansa yana cin zane, mai motar kuma yana cin mutum. Babu wanda ya kula shi. Jarumar ta sunkuya ta cicciɓi batirin a naɗe, ta haɗa shi da ƙirji, ta taho. Kafaɗar dama ta sauka. Gwiwar hannun hagu ta buɗe waje. Ƙugu ya turo gaba, jijiyar wuya ta tashi, haɓa ta ɗaga sama kamar ta mai neman iska. A taku na biyar 'Yar Gada ta ga hoton yana tafiya a tsakar gidan uwarta.

"Yawwa," in ji Inna. "Yanzu kika zo."

Aikin 'Yar Gada ke nan, sanin yadda ƙashi ke tsayuwa a ƙarƙashin kaya. Tana gane ɗan dako daga hoton kafaɗarsa tun kafin ta duba takardarsa. Jaririya 'yar wata biyar, a lokacin yunwa, da ƙyar ta kai kilo shida. Batirin nan ya haura sha biyar. Ba ta san sau nawa ta kalli hoton gadar ba, a littafi, a bango, a bayan mota, amma ba ta taɓa duba kafaɗar ba. Fuskar take kallo, kamar kowa.

Ta ce da Inna su shiga ɗaki.

Inna ta zauna a bakin gado, ta cire tabarau tana goge shi da gefen zane. Ba ta jira an titsiye ta ba. Ta yi nuni da haɓa zuwa lungun da tsohon keken ɗinkinta yake, a lulluɓe, da rediyo a kansa.

"Kan keke ne," ta ce. "Wancan."

Sauran ta faɗe shi ba tare da muryarta ta motsa ba, kamar mai karanto awon riga. Sun baro gari kwana biyu kafin su iso gadar, jaririya a baya, kan keken a hannu. Ƙafafunsa na ƙarfe a ɗaki ta bar su. Mahaifinsu yana can inda aka kai sojoji, ba labari. A gindin gadar ta faɗi sau biyu. Wata doguwar mace da ba ta ɗauke da komai ta ɗaga ta, ta ce ba za ta iya hayewa da kaya biyu ba, ta kawo ƙarfen ta riƙe mata.

"Sai na kwance ki na ba ta."

Auta ya iso bakin ƙofar ɗakin ya tsaya, hannunsa baƙi ƙirin da mai.

"Ƙarfen ta ce ki ba ta, Inna," in ji 'Yar Gada.

"Na ji abin da ta ce. A ranar nan babu mai satar bakin da zai ciyar, 'yar nan. Kowa nasa ya ishe shi. Keke kuwa, in ta haye da shi ta ɓace a cikin mutane, da me zan ciyar da ke?"

Tare suka hau gadar, doguwar tana biye da ita. A tsakiya aka fara harbi daga tudu, mutane suka yamutse, kowa ya yi ta kansa. Ita ba ta ga wani mai hoto ba. Da ta kai ƙetare ta waiwaya, ba doguwa, ba goyo. Kwana uku tana bin makarantu da rumfunan da aka tara mutane, keken a ƙirji, nono yana zuba yana bushewa a riga. A rana ta uku ta same ta a wani aji, cikin jarirai kusan ashirin da aka jera a kan tebura. An ce doguwar ta ajiye ta, ta wuce neman nata.

'Yar Gada ta tambayi yadda aka yi ta gane ta. Ta san abin da kwana uku ba nono ke yi wa fuskar jariri. Inna ta ce ba fuska ta duba ba, ɗinkinta ta gani a wuyan riga. Auta, wanda bakinsa bai taɓa koyon jira ba, ya ce ai ita da kanta take cewa rabin jariran unguwar ita ke yi musu riga.

"Na yi musu. Amma ita kaɗai na yi wa aljihu. Ƙyalle ya rage, na rasa yadda zan yi da shi." Ta mai da tabarau. "Ka taɓa ganin jaririya da aljihu, sarkin surutu?"

Auta ya yi dariya shi kaɗai, ya haɗiye sauran.

Hoton ya iso sansanin 'yan gudun hijira bayan wata huɗu, a shafin jarida, da rubutunsa a ƙasa. Manya suka zo da motoci, matansu suka yi ta kuka a kanta. Daga baya wani masani ya rubuta cewa ta sauko da goyon ne daga baya zuwa ƙirji domin ta tare harsashi da jikinta. Inna ta ce da aka karanta mata wannan bayanin ya burge ta, don ita ba ta yi tunaninsa ba. Tsofaffin matan sansanin sun gane, domin babu uwar da ke gudu da ɗa a hannu alhali tana da baya, amma babu wadda ta tanka. Mahaifinsu da ya dawo ta gaya masa, ya riƙe har ya mutu. Ta ce wa zai tashi ya gaya wa ƙasa guda cewa ƙarfe take yi wa kuka? Ita kuma 'Yar Gada, ranar da malami ya tsayar da ita a gaban aji aka tafa mata, ta dawo gida a guje da littafi a hannu, Inna ta buɗe baki, ta ga idonta, ta mayar ta rufe.

"To me ya sa yau?"

Inna ta ɗan ɓata rai, kamar tambayar ce ba ta da kai. Ta ce ita ba ta yi niyyar faɗin komai ba. Yarinyar nan ce ta zo tana yin abin a karkace, ita kuwa tun da take ba ta taɓa iya ganin karkataccen aiki ta yi shiru ba. Magana ana iya barinta yadda mutane suka so ta. Tafiya kuwa, ko dai ita ce ko ba ita ba ce.

Jarumar tana wanke ƙafa a bakin famfo lokacin da 'Yar Gada ta fito. Tagar ɗakin a buɗe take, ita ma ba ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce ita tafiya ta zo nema, kuma ta samu. Abin da ke cikin zane ba ruwanta da shi. Za ta sa a cusa wa 'yar tsanar ƙarfe, masu kallo za su ga uwa da ɗa yadda ba su taɓa gani ba. Tana ɗaura igiyar takalmi ta ƙara da cewa mahaifin darakta a gindin wannan gadar ya mutu, soja ne, kuma shekara shida darakta ya yi yana bin wannan fim.

"Anti, ba cewa nake ki yi ko kar ki yi ba. Don dai ki san wanda za ki tarar."

Daga nan zuwa ƙarfe uku 'Yar Gada ba ta zauna wuri ɗaya minti biyar ba. Ta haɗa shayi ta bar shi ya huce. Ta kira asibiti ta tambayi yadda layi yake, aka ce lafiya, ta sake kira. Ta lissafa makarantun da ta je ta tsaya a gaban yara, ta daina a talatin. Ta tuna da yaran da kan miƙo hannu su taɓa mayafinta, da 'ya'yanta uku da suka tashi suna cin gardama da sunanta, da mijinta wanda maganarsa ta farko gare ta ita ce tambayar da tsohon nan ya yi mata da safe a asibiti. Da Inna ta shiga wanka, 'Yar Gada ta koma ɗakin, ta sauke rediyo, ta yaye lulluɓin. Fentin keken ya koɗe a inda hannu ke kamawa. Da ƙarar wannan ƙarfen ta koyi barci, da ita ta yi karatu har ta gama. Ta zare shi daga katakonsa, ta ɗaga. Ta yi taku huɗu zuwa bakin gado, ta dawo, ta mayar. Ta yi ƙoƙarin jin haushinsa, abin bai yiwu ba.

Inna ta fito cikin kayan da take sawa in 'yan jarida za su zo, masu ruwan toka, ɗinkin hannunta. Motar masu fim ta iso ƙarfe uku da kwata. Auta ya ce zai bi su, Inna ta ce ya zauna ya mayar wa mutane batirinsu.

A hanya direban ya kunna waƙa, ya duba madubi, ya kashe. Sun wuce gidan mai biyu kafin Inna ta ce, tana kallon waje, 'Yar Gada ta faɗi abin da ta saba faɗa, ita ma ta faɗi nata, abin da bai wuce minti biyar ba. 'Yar Gada ta tambayi sunan doguwar. Inna ta ce ba ta tambaya ba, ba ranar tambayar suna ba ce.

"Kin neme ta daga baya?"

"Da wane baki?" Inna ta gyara zaman tabarau. "In na ce ina neman matar da ta taimake ni, sai a ce me ta ɗauka?"

Can motar ta shiga harabar wani tsohon sito a bayan tashar jirgin ƙasa. A ciki an gina rabin gada da katako, an shafe ta da fenti mai launin tsatsa. Mutum kamar arba'in cikin kakin soja suna zaune a kan akwatuna suna shan lemo, kowa ido a kan waya. Wani mai bandeji a kai, da jan fenti har wuya, yana gardamar ƙwallo. Wata mata tana bin 'yan wasan da ke fitowa a matsayin 'yan gudun hijira da kwanon toka, tana shafa wa wanda ya yi tsabta da yawa.

Darakta mutum ne siriri, furfura ta fara masa a gemu. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Inna, ya riƙe hannunta da hannu biyu, ya daɗe bai saki ba. Ya ce wa 'Yar Gada tun yana aji huɗu yake son ganinta. Ya ba ta takarda mai layi ɗaya, ya ce ya san ba ta bukata, don dai ƙa'ida ne. Sannan ya ja su zuwa ƙarshen siton, inda aka ajiye kujeru biyu da fitilu, ya ce yana da abin da zai nuna musu.

Hoton ne, an buga shi ya cika bango. Amma ya fi wanda ta sani faɗi kusan ninki biyu. Darakta ya ce daga hannun magadan ɗan jaridar ya samo asalinsa. Jaridar farko ce ta yanke gefe da gefe ta bar matar ita kaɗai, duk wanda ya buga daga baya kuma ita ya bi. Ya ce kyamara tsakiyar kawai za ta ɗauka, sauran hayaniya ce.

'Yar Gada ta bi hayaniyar da ido. A hagu ƙarfen gada ne da rabin wani keken shanu. A dama, bayan Inna da kamar taku goma, akwai mutum mai katifa a kai, da wani yana jan tsoho, da mata uku masu goyo. Sun fito dishi-dishi, domin suna cikin motsi aka ɗauka. Biyu daga cikinsu dogaye ne. Ba a ganin fuskar ko ɗaya, balle ta abin da suka goya.

Aka zaunar da su, aka maƙala musu abin magana a wuyan riga. Wani ya yi kira a yi shiru, siton ya yi tsit, har sojojin suka ajiye waya. Inna aka fara da ita. Ta faɗi labarin kamar yadda take faɗinsa shekara arba'in da takwas: hayaƙin, ƙarar harbin, yadda ta sauko da 'yarta daga baya ta haɗa ta da ƙirji. Ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A inda muryarta kan karye, ta karye. Matar mai kwanon toka ta goge ido da bayan hannu, ta bar wa kanta zane a kumatu. Jarumar tana tsaye a bayan fitilu, ta sunkuyar da kai.

"Yanzu ke, Anti," in ji darakta a hankali. "Ki dubi kyamara."

Ta dubi kyamarar. Gilashi ne baƙi, da ɗan jan haske a samansa. Ta san jimlar, tana nan a kan harshenta, kalma shida. Ta ji Inna tana numfashi a gefenta. Ta ninke takardar biyu, ta ajiye a kan kujera, ta miƙe. Wayar abin maganar ta ja wuyan rigarta, ta kama ta da hannu ta tafi da ita zuwa gefen dama na bangon. Mai kyamara ya ɗago kai ya ce ta bar wurin da aka sa mata alama.

"Inna, wacce ce?"

Babu wanda ya gane tambayar sai mutum biyu, Inna da jarumar. Darakta ya dubi takardun hannunsa, ya juya shafi, ya mayar. Inna ba ta waiwayo ba. Tana zaune yadda aka zaunar da ita, hannu a cinya, fitila tana haskaka gefen tabaraunta. Fankar da ke can ƙofar siton ta yi ta juyi. Wani soja ya yi tari ya danne. 'Yar Gada ta fara tunanin ko haka za su tsaya har a kashe fitilu, ita a nan, uwarta a can.

Sai kujerar ta yi ƙara. Inna ta juyo da jikinta gaba ɗaya, ta ɗaga haɓa ta duba ta ƙasan tabarau, ta daɗe tana dubawa.

"Ba ta gaba ba," ta ce. "Ta bayan mai katifa."

'Yar Gada ta sa yatsa a gefen matar, inda goyon ya yi tudu a bayanta, bai fi tafin hannu girma ba. Ta juyo ta fuskanci kyamarar daga inda take. Ta ce ita ba ta cikin zanen da ke ƙirjin mahaifiyarta. A nan take, a bayan wannan matar, ita ce ta haye da ita gadar ta ajiye ta a wata makaranta. Ta ce ba su san sunanta ba, ba su taɓa yi mata godiya ba. In tana raye, ko in akwai ɗa ko jika da ya taɓa jin ta ce ta goyi 'yar wata a ranar gada, ana nemanta a ɗakin hoton ƙashi na babban asibiti.

Darakta ya ɗaga hannu tun a jimlar farko, alamar a tsaya. Hannun yana nan a sama, bakin bai faɗi komai ba. Idonsa ya bar 'Yar Gada ya koma kan ƙunshin da ke tsakiyar bango, ya tsaya a can. Mai kyamara ya dube shi, ya jira, sannan ya sa kafaɗa ya karkata kyamarar a hankali zuwa dama.

Inna ta gyara abin maganar da ke wuyanta, ta matso da bakinta kusa da shi.

"Ki gaya musu tana ɗingisa ƙafar hagu," ta ce.